Ban Kwana a Bakin Tafkin Madarunfa

A Maraɗi, idan mutum ya ce zai koma Katsina da zama, ba a tara masa jama'a. Fatan alheri ake yi masa, a ba shi saƙon goro ya kai wa wata gwaggo, a ce sai ka leƙo. Katsina wata ƙasa ce a takarda, akwai duwan da jandarma a tsakani, kuɗi ma sai an canza sefa zuwa naira, amma tafiyar ba ta wuce kilomita 100 ba, kuma duk wanda ya sauka can zai tarar da harshensa da tuwonsa da dangin kakarsa. Yamai kuwa babban birnin ƙasarmu ne, amma tsakaninmu da ita ya haura kilomita 600, wuni guda cur a cikin mota, kuma in ka shiga kasuwa Zabarmanci ne zai fara dukan kunnenka. Shi ya sa da takardar canjin wurin aiki ta fito da sunana, aka ce in koma koyarwa a Yamai kafin a buɗe lakwal a watan Oktoba, 'yan fadarmu suka ce wannan tashi ne na gaske, ba za a yi shi a tsaitsaye ba.

Fadarmu benci biyu ce da tabarma a ƙofar shagon wani tela, da butar shayi a kan gawayi, da mutanen da suka saba haɗuwa bayan isha'i tun muna samari. A cikinmu akwai malaman lakwal, da mai sayar da aya a babbar kasuwa, da direba, da ma'aikacin asibiti, da ɗan masunta wanda ya zama makanike. Shi wannan na ƙarshe haifaffen Madarunfa ne, kuma shi ya kawo shawarar a yi zaman a can. A wani ƙauye na gundumar na fara riƙe alli, gidansu ne masaukina duk lokacin da na shigo gari. Mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, ciwon ƙafa ya hana ta shiga mota, sai ta aiko cewa ba ta yarda in wuce yamma ba tare da ta sa mini albarka ba. Da jin wannan aike, magana ta ƙare.

Muka tashi ranar Asabar da hantsi, wasu a kan babura, wasu a tsohuwar motar direbanmu. Hanyar kilomita 20 ce da 'yan kai, kudu da Maraɗi. Damina ta zo ƙarshe, gero ya nuna, an fara yanka, amalanken shanu suna ta fitowa daga gonaki da dammuna a ɗaure. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne yawan itatuwan da ke tsaye a cikin gonakin, gawo da kalgo da sabara da aduwa. Dattawa suna ba da labarin shekarun fari na 1970 da 1980, lokacin da gonakin nan suka zama fili fetal, iska tana kwasar rairayi har ta binne shuka. A wannan yanki ne, a farkon shekarun 1980, aka fara abin da manoma suke kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi ta yaɗawa tare da su: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi mai ƙarfi a bar shi, a rage masa rassa, a kare shi daga awaki. Ba a sayo iri daga ko'ina ba. Saiwar tana nan a ƙarƙashin ƙasa tun da can.

Da muka zo daidai Jiratawa, garake suka karɓi ido, zogale layi-layi a gonakin ban ruwa, mata suna cusa ganyen a buhuna. Direbanmu ya ce in kwantar da hankalina, wannan zogalen har Yamai yake kaiwa, ko ban tarar da kowa ba zan tarar da shi. Daga nan hira ta koma kan gulbi. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake shigowa, ya biyo ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da ruwan Rima. Da damina kawai yake gudu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, manoman fadama suke cewa ambaliyar da ke jiƙa musu ƙasa ta ragu, duk da yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990.

Abokin aikina mai koyar da tarihi yana zaune a bayana, ya dafa kafaɗata ya ce in daina jin kamar ni na fara tashi a zuriyarmu. Kakanninmu, in ji shi, sun baro Katsina bayan da masu jihadi suka ci birnin a 1807, suka yi ta yawo har Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi wajen 1819. Garin ma da suka kafa a cikin kwari bai tsaya wuri ɗaya ba, ruwan 1945 ya cinye shi, aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni. Na san ƙarfafa mini zuciya yake yi, na kuma gode masa. Amma su waɗancan gari guda suka tashi, da maƙwabtansu da limaminsu da mahautansu. Ni kuwa daga ni sai iyalina.

Inna tana zaune a kan tabarma a inuwar rumfa muka yi sallama. Muka durƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi gida, ta tambayi yara, ta tambayi jikin mahaifina, sannan ta sa aka kawo fura da nono a babbar ƙwarya, ludaya suna zagayawa. Ba ta ce komai a kan tafiyar ba. Ta ce mu je mu ga ruwa tukuna, magana sai an ci abinci.

Wanda bai taɓa ganin tafkin Madarunfa a ƙarshen damina ba zai yi mamakin samun ruwa mai wannan faɗi a ƙasar da aka sani da rairayi. Gulbin Gabi ne yake zuba masa ruwa, gulbin Maraɗi ma yana ba shi idan ya cika ya batse. Manyan itatuwa sun kewaye shi, balbela da zalɓe da kirinjijiya suna kiwo a gefe, jiragen masunta suna can tsakiya. Mutanen garin suna cewa waliyyai 99 ne suke kwance a kewayen ruwan, kuma ana zuwa ziyara daga nesa, har daga Nijeriya. Saboda kaburburan da tafkin da dajin da ke kusa, Nijar ta sa wurin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a 2006, sannan a 2019 aka shigar da tafkin cikin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. A fadarmu akwai ɗan ɗariƙa, akwai ɗan Izala, kuma maganar ziyarar kabari ta sha raba mana dare da musu. Ran nan masu son zuwa suka tafi suka yi addu'arsu, sauran suka jira a gindin tsamiya, ba wanda ya ce wa wani kanzil.

A bakin ruwa muka tarar da kawun abokinmu yana gyaran koma. Tsohon masunci ne, ya san ni tun ina sabon malami, Mushe yake ce mini kamar yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, an ce Yamai za ka?"

"Haka ne, Baba. Ku sa mu a addu'a."

"Allah shi ba da sa'a. In ka ga manya can, ka gaya masu rairayi yana cin ruwan nan."

Ya nuna mini wani wuri da ya ce yana yaro sandar tuƙi ba ta taɓa ƙasa, yanzu kuwa da bazara yara suna tsallakawa da ƙafa. Kowace damina gulbi yana kawo yashi ya zube. Kifi ya ƙanƙance, domin wasu suna sa raga mai ƙananan idanu su kwashe har da 'ya'yan. Ni malamin makaranta ne, ba ni da ƙofar shiga wurin manya, amma na karɓi saƙon, kuma ga shi ina isar da shi a nan.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itace, nesa kaɗan da ruwa saboda sauro. Aka kawo soyayyar karfasa da tarwaɗa, da dambun zogale wanda ya sha man gyaɗa da albasa, da yaji a murfin kwano. Muka ci har muka bar saura. Aka ɗora shayi. Sai da aka sha na farko, tela, wanda shi ne babbanmu, muna ce masa Yaya, ya gyara zama ya ce a yi salati ga Annabi. Kowa ya san an zo wurin aiki.

Domin ban kwana a wurinmu aiki ne, ci da sha share fage ne kawai. Tashin mutum daga gari kamar cirar gyaɗa ne: in aka fizge da ƙarfi ba a sassauta ƙasa ba, rabin 'ya'yan a ciki suke zama. Shekara da shekaru mutum yana ƙulla abubuwa da jama'a, bashi da alkawari da amana da ɓacin rai, kuma ba shi kaɗai zai iya kwance su ba.

Da adashi aka fara. Muna zubi duk wata, ɗaukata saura wata uku. Tun kafin mu zo, mutum biyu da suke gabana sun shirya a tsakaninsu, suka ce in ɗauka yanzu domin kuɗin motar kaya da na hayar gida, su su jira. Ɗaya daga cikinsu na san yana tara kuɗin rufin ɗaki ne. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya ɗaga hannu ya ce an riga an gama, abin da ya rage kawai in riƙa aiko da zubina ta Nita ko Al Izza kafin biyar ga wata. Aka rubuta a littafin fada.

Sai bashi. "Duk mai bin Mushe shi faɗa, duk wanda Mushe ka bi shi ma shi faɗa," in ji Yaya. Mai aya ya zaro jaka 3 daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, ya ce tun sunan ɗansa na fari yake riƙe da su. Ni na manta da su sarai, shi bai manta ba. Yaya da kansa ya ce akwai cikon kuɗin ɗinkin sallar yara, amma ya yafe, a sa a guzuri. Wanda bai san mu ba zai ga kamar ƙanƙanta zumunci ne a yi lissafin jaka biyu da jaka uku a gaban jama'a. Ni a ganina wannan lissafin ne yake tsare zumuncin. Ƙaramin bashin da aka tafi da shi ba a faɗa ba shi ne yake sa mutum ya ga kiran abokinsa a waya ya ƙi ɗauka.

Abin da ya fi nauyi a zuciyata tun ranar da takarda ta fito, ban iya furta shi ba sai da suka furta mini. Mahaifina yana Maraɗi, tsufa ya kama shi, idonsa ya yi rauni, kuma ya ce ba inda za shi, a garin da aka binne iyayensa za a binne shi. 'Yan'uwana mata suna gidajen mazajensu, ƙanena yana ci-rani. Ma'aikacin asibitinmu ya ce awon jinin Baba da sayen maganinsa na wata-wata sun dawo wuyansa. Direba ya ce shi zai riƙa ɗaukarsa zuwa masallacin Juma'a. Mai aya ya ce gidansu ba nisa, matarsa za ta riƙa leƙawa da koko da safe. Abokin aikina ya karɓi yaran unguwa da nake yi wa darasin dare kyauta saboda jarrabawar brebe. Ba wanda na roƙa. Na sunkuyar da kai, na kasa cewa komai sai "Allah ya saka da alheri", ita ma da ƙyar ta fito.

Ana zuba shayi na biyu Yaya ya juya wurin direba da makanike. Sun jima ba sa ga-maciji a kan gyaran wata mota, ɗaya yana ganin an cuce shi, ɗaya yana ganin an zarge shi da abin da bai yi ba. Suna zama fada ɗaya, amma magana sai ta bakina take bi. "Mai shiga tsakaninku za shi Yamai," in ji Yaya. "Wa kuka aje?" Aka yi shiru mai tsawo. Makanike, da yake a garinsu ake, kuma mahaifiyarsa ce ta dafa abincin da direba ya ci, shi ya fara miƙa hannu. Ba a tone maganar ba, ba a ce wane ne mai gaskiya ba. Aka shafa fatiha a kai.

Sannan aka ba ni dama. Na faɗi abin da kowane matafiyi yake faɗa, abin da na sha ji a bakin masu tafiya hajji: zama tare ba ya rasa saɓani, wanda na ɓata wa da sanina ko ba da sanina ba, don Allah ya yafe mini, ni na yafe wa kowa duniya da lahira. Kalmomin tsofaffi ne, kowa ya haddace su, amma ban taɓa jin nauyinsu ba sai da suka fito daga bakina ina kallon fuskokin da na sani tun ƙuruciya. Suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, Allah shi yafe mana." Mai aya ya ja hularsa ya rufe ido. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka.

Da magariba ta wuce zaman ya saki, aka koma ga abin da ke gaba. Kowa ya zaro wayarsa yana ba ni lamba. Wannan yana da ƙanen uba mai sayar da katako a kasuwar Katako, wancan yana da abokin karatu a unguwar Bukoki wanda ya san masu gidajen haya, wani ya san limamin da Maraɗawa suke taruwa a masallacinsa. Bagobirin cikinmu, mutumin Tsibiri, ya ce shi duk Zabarmawan Yamai taubasansa ne, in na shiga wata matsala in ce Bagobiri ne ya aiko ni, dole su yi dariya su saurare ni. Wasa yake yi, amma wasan yana da tushe, domin wannan taubasantaka ta kashe wutar rigima da yawa a ƙasarmu, har UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ake tattali a 2014. Kafin a sha shayi na uku, birnin da nake tsoro ya cika da ƙofofin da zan iya ƙwanƙwasawa.

Akwai wani saurayi da yake ta hura mana gawayi tun la'asar, yana wanke kofuna, ba ya sa baki. Na ɗauka ɗan gidan ne. Da na tambaya, abokinmu ya ce daga wani ƙauye na bakin iyaka suka zo, shi da uwarsa da ƙannensa, Inna ta ba su ɗaki. Ɓarayin daji ne suka tashe su. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallako zuwa jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, daga baya masifar ta taɓa ƙauyukanmu na wajen Gabi da Ɗan Isa da gefen dajin Baban Rafi, ana kore shanu, ana ɗaukar mutane sai an biya fansa. Na matsa kusa da shi na yi masa sannu da aiki. Ya ce ya ji daɗin ganin yadda aka yi, sannan ya ƙara da cewa, "Mu, Malam, cikin dare muka fito. Ba mu yi sallama da kowa ba." Akwai wanda yake binsa kuɗin taki, bai san inda yake ba yanzu. Akwai abokin da suka yi faɗa kwana biyu kafin harin, bai san ko yana raye ba. Duk abin da aka kwance mini a kan tabarmar nan cikin yini ɗaya, shi yana ɗauke da nasa a ɗaure. Na so in ce masa wani abu mai amfani, abin da na samu kawai shi ne in karɓi lambarsa in ba shi tawa.

Tun daga daren nan nake jin zafin yadda muke sakin wannan al'ada da hannunmu, mu da ba wanda ya kore mu. Yanzu sai mutum ya tashi daga gari, maƙwabcinsa ya gani a hoton WhatsApp, an rubuta "sai wata rana" a ƙasa. Wasu kuma su kama wuri su kunna lasifika, a ci kaji, a yi hotuna, a watse ba a tambayi wa zai duba tsohon da aka bari ba. Ba na ƙin murna, kuma waya ta rage mana nisa ƙwarai. Amma akwai maganar da ba ta faɗuwa sai gwiwa tana taɓa gwiwa. Matata ta fi ni riƙo da wannan: mako guda ta yi tana shiga gida-gida a unguwarmu, tana mayar da turmi da tukunyar aro, tana neman gafara.

A Madarunfa muka kwana, domin ba mai son hanya da dare a wannan zamani. Da asuba bayan salla Inna ta sa aka kira ni ɗakinta. An riga an ɗaure kaya: busasshen kifi a kwali, buhun zogale, ƙuli-ƙuli, dakuwa saboda yara, da ɗan ƙullin kuka da daddawa wanda ta ce in ba matata, kada ta sayi na kasuwa tun ba ta san hannun masu yi ba.

"Ɗana, ka riƙe salla, ka riƙe gaskiya. Yaran mutane za a ba ka can kamar yadda aka ba ka nan."

"In sha Allahu, Inna."

"Kuma ga amana. Jikana ya ci bak, an ba shi wuri a jami'a can Yamai. Ba shi da kowa. Ka zama ubansa."

Na ce na karɓa. Ta kama hannuna biyu ta yi addu'a mai tsawo, ta tofa, ta ce in tashi in tafi kada in waiwayo, ita ba ta son doguwar sallama.

Ranar tafiya 'yan fada suka raka mu tasha tun duhu bai yaye ba, suka loda kaya da hannunsu. Mota ta bi ta Tsibiri da Gidan Runji, muka sayi kilishi a Madawa, muka wuce rumbunan albasa na Galmi, muka yi salla a Birnin Ƙonni. Daga Dogon Dutsi zuwa Doso Hausa ta fara ja da baya a bakin masu talla, yarana suna tambayata me ake cewa. Da dare muka shiga Yamai. Abokin karatun nan na Bukoki yana tsaye a tasha da ɗan sahu biyu, an riga an kira shi daga Maraɗi an gaya masa lambar motarmu.

Gidan da ya samar mana ɗaki biyu ne da falo, da wani ɗan ɗaki a bakin ƙofa wanda mai gidan yake ajiye tarkace. Na roƙe shi ya kwashe, na ƙara masa wani abu a kan kuɗin haya, muka share, muka sa tabarma da katifa da ƙusar rataye riga. Jikan Inna zai iso ranar Laraba, ya fara karatu a Jami'ar Abdu Mumuni, a hayin kogi. Na tambayi maƙwabcina motar da ake shiga daga unguwarmu zuwa gadar Kennedy da kuɗinta, na rubuta masa a takarda.